Ma'aunin Zafi da Kofin Shayin Taubashina

Ni dai tun ina yaro ba ni da zama. Inna takan ce ko tuwo a tsaye nake ci, kuma ba ƙarya ta yi ba. Shi ya sa da aka ba ni kula da ɗakunan kwamfuta uku, ɗaya a Anka, ɗaya a Gummi, ɗaya a Bukkuyum, kowa ya ce aiki ya sami mai shi. Ƙungiyar da nake wa aiki tana ajiye bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitocin karkara: wa ya zo, me aka gani a jininsa, wane magani aka ba shi, yaushe zai dawo. Duk wannan yana cikin manyan kwamfutoci da muke kira saba, waɗanda ba a kashe su ko da wasa. Saba kuwa ba ta da maƙiyi kamar zafi, mu kuma a nan zafi ɗan gida ne. Bazarar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, esin da ke sanyaya ɗakin Gummi ya mutu ranar Juma'a da yamma, ba wanda ya sani sai Litinin. Aka buɗe ƙofa aka tarar da ɗaki kamar tanderu. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Ni na kawo shawarar a sa ma'aunin zafi mai haɗe da intanet. 'Yar na'ura ce, ba ta wuce kwalin ashana biyu ba, da waya ɗaya da ke shiga akwatin intanet na ɗakin. Kowane minti takan aiko da zafin ɗaki zuwa wani shafi da nake buɗewa a wayata. In zafi ya haura digiri talatin, wayata ta yi kuka, ni kuma in kira mai makullin ɗakin in ce ya ruga ya duba. In ya ɗauki minti goma sha biyar bai sauka ba, saƙo ya wuce wayar Hajiya, shugabar sashenmu da ke zaune a Anka. Hajiya mace ce mai magana ɗaya. Ta karanta takardata har ƙarshe, ta ce, "Idan an sa wannan, ba za a ƙara tarar da ɗaki ya dahu ba?" Na ce in sha Allahu. Ta ce, "In sha Allahu. Kai fa, ka tsaya a kai?" Na ce na tsaya.

Da Anka na fara, kuma a nan na fara shirme. Na manna ma'aunin daidai bakin esi, ina ganin digiri goma sha takwas a waya ina murna, alhali bayan saba ko hannu ba a iya ajiyewa. Kwana biyu na gane wautata, na cire shi na mayar baya, can sama inda iska mai zafi ke fita. A Gummi kuma intanet ne ya sha mini kai. In ya zo ya yi minti biyar ya ɗauke, ma'auni ya yi shiru, ni kuma in kasa gane ɗaki ne lafiya ko na'ura ce ta mutu. Na hau tsani na sauka ya fi sau ashirin kafin in sami kusurwar taga da sabis ke tsayawa, na ɗaure akwatin a can da waya. Gidanmu yana Gummi, tafiyar minti goma a ƙafa, amma a ranar sai aiko mini da fura Inna ta yi, don na ƙi zuwa in ci abinci.

Bukkuyum ce ta ƙarshe, kuma a can taubashina ke riƙe da makulli.

Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara biyu. Tun muna yara ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba, sai bawana, ni ma haka nake kiransa, har yau ba a raba gardamar wane ne bawan wani ba. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san dokar: taubashi zai zage ka a gaban surukanka, ya ɗauke maka takalmi a ƙofar masallaci, ya ce wa baƙi kai ne mai yi masa wanki, kuma ba ka da ikon fushi. In ka yi fushi kai ka ji kunya, a yi ta ba da labarinka. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Shi ya san haka, kuma nan ne daɗin wasan yake a wurinsa.

Kafin makullin nan, niƙan dutsen zinare yake yi a wajen Sunke. Shekaru ya yi yana dawowa gida fari fat da ƙurar dutse, har gubar dalma ta kama 'yarsa ta fari. Yarinyar ta rayu, amma maganarta ba ta fita sosai, kuma takan yi faɗuwa. Bayan rasuwar kawu, Inna ta sa ni gaba. Ta ce, "Ɗan ɗan'uwana na. In ba ka hisshe shi daga ƙurag ga ba, kak ka ƙara ce mani kana da aiki." Na yi ta bin Hajiya har ta gaji da ni. Ba ta son ɗaukar dangin ma'aikata, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce za ta ba shi makulli da janareto da sharar farantan sola, amma kuskure ɗaya, ya tafi, kuma kada in zo mata da magiya. Na amince. Shi ban taɓa gaya masa wannan sharaɗi ba. Kunya na ji, kada ya ga kamar alfarma aka yi masa ta hannun wanda yake kira bawa. Abin da na sani shi ne, in makullin nan ya fita daga aljihunsa, ba inda zai nufa sai ramin zinare.

Ranar da na je sa ma'aunin, yana tsaye a bayana yana tsiya. Wai na hau tsani kamar akuyar da ta ga rumbu, wai don ƙaramin abin nan aka turo ƙaton mutum tun daga Anka ya manna. Da na gama, na so in gwada, kuma na so in burge shi, gaskiya ke nan. Akwai kofin shayinsa a hannu, ya sayo wurin mai shayin bakin titi. Na karɓa na kara shi jikin ma'aunin. Ba a yi minti biyu ba wayata ta fasa kuka a aljihu.

Ya dubi wayar, ya dubi kofin. Ya ce, "Ko kana Anka haka taka yi?"

Na ce ko ina Makka.

Ya yi wani murmushi da na sani tun muna yara. Wallahi a take na gane nufinsa, amma na ce a raina babba ne yanzu, mai iyali.

Kwana uku aka yi. Ina kan kujerar mai aski a Anka, an aske rabin kai, waya ta ɗauki kuka: Bukkuyum, talatin da huɗu. Na miƙe da ƙyallen aski a wuya ina kiransa. Ya ɗauka a natse, har ina jin yana kurɓa. Ya ce, "Bawana, gwada ka nika yi, in gani ko kana aiki ko kana yawo." Na zage shi tas, ya yi ta dariya har da tari. Bayan kwana biyu ya sake, ina tsakiyar bayani a gaban Hajiya. Ya sake ranar kasuwa, ina ciniki. Wata rana kuma ya ƙi ɗaukar waya da gangan, na tari ɗan acaba, mun yi nisa a hanyar da mutum ba ya shiga sai da dalili, sannan ya kira ya tambaye ni ko na iso, a dafa da ni.

Abin da bai gane ba, ni ba na iya cewa wasa ne in share. Duk kukan da wayar ta yi, sai in tuna ranar da aka buɗe ƙofar ɗakin Gummi. Na koma ina duba shafin nan ina cin abinci, ina duba shi a kan babur, in na idar da salla hannuna ya riga addu'a zuwa aljihu. Layuka uku ne a shafin, na Anka da na Gummi a kwance lafiya, na Bukkuyum kuwa duk tsini, kowane tsini kofin shayi ɗaya. Matata ta ce in dai haka aikin yake, gara lokacin da ba a sa na'urar ba, aƙalla ina zama a gama magana.

Na kai ƙara wurin Inna a Gummi. Tana tsince shinkafa a faifai, ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya har da share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Taubashinka na, da wa kaka so shi yi wasa?" Na ce Inna wannan aiki ne, bayanan marasa lafiya ne. Ta ce ta ji. Sai ta ajiye faifan ta ce tun da ciwon nan ya sami 'yarsa ba ta ƙara jin dariyarsa ba sai kwanan nan, da ya kira ta yana ba ta labarin rabin askina. Ta ce in bar shi ya yi, zai gaji. Na tashi na tafi. Ko ita ban gaya wa sharaɗin Hajiya ba, balle ta ja masa kunne.

Bai gaji ba, sai ma ya ƙaro dabara. Wata Talata da hantsi ya ɗauki butar shayin gaba ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin ma'aunin, ya fita ya bar ta. Ina Anka, ofishin Hajiya na kallon nawa. Ina ganin mintoci na tafiya, takwas, tara, goma, wayarsa na ta ringi ba a ɗauka. Saura kaɗan saƙo ya faɗa wayar Hajiya, in kuwa ya faɗa za ta buɗe shafin, ta ga tsinin nan duka, ta tambaya. A minti na goma sha uku ya ɗauka yana dariya. Na fita bayan ofis na buɗe masa wuta. Na ce ya cire butar nan yanzu, ya kulle ɗakin, kuma daga yau kada ƙafarsa ta ƙara taka ciki sai in ni na kira shi. Na ce in ɗaki ya yi zafi ni zan sani kafin shi, ba na bukatar hancinsa a ciki. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya ce, "To, bawana ya yi hushi." Ya kashe waya.

Ban yarda zai daina ba. Shekara talatin na san shi, bai taɓa daina abu don na yi faɗa ba. Na koma kujerata, na buɗe shafin, na shiga wajen saiti, na kashe ƙararrawar Bukkuyum. Maɓalli ɗaya ne. Ma'aunin zai ci gaba da aiko da zafi, shafi zai rubuta, amma ba wayar da za ta yi kuka, tawa ko ta Hajiya. Na ce wa kaina mako ɗaya kawai, in ya gwada sau biyu ya ga ban kira ba, daɗin wasan zai fita. Na ce kare shi nake yi. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai kuma cewa na gaji, ina so in ci abinci a zaune ko sau ɗaya.

Mako ya wuce, layin Bukkuyum a kwance. Ashe ya daina da gaske. Na gani, har na ji wani iri, na ce gobe zan mayar da ƙararrawar. Goben nan intanet ɗin Gummi ya sake lalacewa, na tafi can. Jibi aka kira ni kan batiran Anka. Ba zan ce na manta ba, don mantuwa tana da uzuri. Ina tunawa, in ce bari in gama wannan, kuma da yake wayar ta daina kuka, na rage duba shafin. Kwana goma sha shida ƙararrawar ta yi a kashe, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba a taɓawa da rana.

Ranar Alhamis ce. Ina Gummi a kan tsani bayan la'asar, sai ga kiran ma'aikaciyar da ke shigar da bayanai a Bukkuyum. Ta ce tun ɗazu kwamfutarta ta ƙi buɗe katin kowa, ga mata a zaune da yara suna jira. Ban sauko ba na buɗe shafin. Layin ya fara hawa tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ba tsini ba ne irin na shayi, hawa ne a hankali, talatin, talatin da biyar, arba'in, har arba'in da bakwai, daga nan shiru. Awa biyar cur. Na sauko daga tsanin da sauri.

Na kira taubashina. Ya ɗauka a bugu ɗaya. Na ce ina yake, ya ce ga shi a gindin darbejiya, ƙofar ɗakin na kallonsa, janareto na aiki lafiya. Na ce ya buɗe. Ina jin ƙarar makulli, sai na ji ya yi salati. Esi ya tsaya, fitilun saba duk sun mutu, ɗaki na warin roba. Taku goma ne tsakaninsa da ƙofar, wuni guda yana zaune da makulli a aljihu. Kafin in hana shi shiga, sau uku a rana yake leƙawa, ko don ya sha sanyi.

Ba a kama hanyar nan da yamma, dole na jira safiya. Da gari ya waye ni ne fasinjan farko a tasha, na yi ta faɗa da direba kan jiran cika. Ina isa na tarar motar Hajiya ta riga ni. Muka tayar da saba da ƙyar bayan an kawo fankoki, amma ɗaya daga cikin faya-fayan ajiyar bayananta ya ƙone, kuma bayanan makonni da intanet bai bari sun haura Anka ba sun tafi da shi. Sai an koma katunan takarda ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ba a rubuta su a takarda ba. Akwai yaran da za a sake kira a ɗebi jininsu. Wannan kaɗai ya isa ya hana ni sukuni, amma ba shi ne a gabana ba a lokacin.

Hajiya ta zauna a kujerar ma'aikaciyar, ta ce in buɗe mata shafin. Ta bi layin da yatsa baya, har ta iso tsinin nan. Ta ce mene ne waɗannan. Ban buɗe baki ba taubashina ya matso, ya cire hula, ya durƙusa. Ban taɓa ganinsa a durƙushe gaban kowa ba sai kawu. Ya ce shi ne, shayi ne, wasa yake da ɗan'uwansa. Hajiya ta dube shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "To jiya fa? Awa biyar, me ya hana saƙo zuwa?"

Shi ya amsa. Ya ce, "Hajiya, ni na lalata shi. Rannan buta gaba ɗaya na aza mashi, tururi ya shige shi. Tun daga rannan bai ƙara kuka ba." Ba rufa mini asiri yake yi ba. Haka ya ɗauka har zuciyarsa, kuma na ga alamar tun jiya yake cin kansa da wannan tunani.

Ina tsaye, waya a hannuna, shafin saiti taɓawa biyu ne daga inda yatsan Hajiya yake. Na yi shiru. Zan so in ce tunani nake yi, amma tsoro ne tsagwaronsa. Ni da na ce na tsaya a kai, ni mai bakin faɗa da direba da mai aski, bakina ya ƙi buɗuwa. Hajiya ta miƙa hannu, ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur maimakon tafinta, don girmamawa. Ya yi godiya, ya fita.

Sai da Hajiya ta shiga mota na ruga na riƙe ƙofa. Na gaya mata duka a tsaye, ina haki: ma'aunin lafiyarsa ƙalau, ni na kashe ƙararrawa, ni na hana shi shiga ɗakin, da ba don ni ba da tun azahar ya gani. Na ce in korar ce ni ya kamata a kora. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ta ji daɗi da na faɗa, kuma zan sami takardar gargaɗi, kuma daga yau ba ni kaɗai ke da ikon taɓa saitin ba. Na ce shi fa. Ta ce, "Maganar shayin fa, ƙarya ce?" Na ce a'a. Ta ce, "Na gaya maka sharaɗina tun farko, ka ce ka ji. Masu riƙe makulli suna da yawa. Wanda zai gyara abin da ka ɓata, a nan kai kaɗai gare ni." Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na yi magiyar da na yi alkawarin ba zan yi ba, har direbanta ya kau da kai. Ta ja ƙofarta.

Na sami taubashina a bayan ɗakin janareto yana naɗe tabarmarsa. Na ce ya tsaya ya ji. Na faɗa masa ƙararrawar, na faɗa masa sharaɗin da na ɓoye tun ranar da aka ɗauke shi. Ya saurara bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kenan tun hwarko kuskure guda aka jira?"

Na ce e.

Ya ce, "Kuma ka sani, kab bar ni ina wasa da shi?"

Na ce ai na yi ta faɗa, na yi ta zagi. Ya ce zagi kuma ai shi muke yi tun muna yara, ta ina zai gane wannan daban ne. Ya ce da na zo na zauna a tabarmar nan na ce masa abincin 'ya'yansa ne a jikin abin, ko na aiko Inna ta faɗa masa, ko kusa da ƙofar ba zai kai kofi ba. Ya ɗaure tabarmar a bayan keke, ya ce in gaya wa wanda za a kawo cewa janareton yana shan mai ta ƙasa, a riƙa duba shi da safe.

Na mayar da ƙararrawar a ranar, na ƙara ma'auni na biyu a kowane ɗaki, na sa saƙo ya riƙa zuwa wayoyi uku a lokaci ɗaya. Na yi wata guda ina yawo tsakanin garuruwan nan ina nema masa wani abin yi, gadi, shago, ko lodin kaya a tasha. Kowa ya ce in dawo. Shi bai jira ni ba. Mako biyu da barin aiki ya bi wasu abokansa na da zuwa wurin niƙan dutse a cikin daji, ya bar iyalinsa a Bukkuyum. Inna ta ji daga bakin matarsa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina tambayata labarin aiki.

Da damina ta faɗi na ji yana zuwa gida ranar Juma'a, na je na jira shi. Wajen azahar ya sauka daga babur, gashin gira da gemu duk fari. Bai shiga ba. Ya tsaya a waje ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta riƙe yarinyar. Ina jin yarinyar daga ciki tana kiransa da irin maganarta, tana fizga. Aka miƙo masa bokiti da wasu kaya ta kan katanga, ya zaga lungu ya yi wanka, ya ƙulle kayan aikin a leda ya rataye a can nesa da ƙofa. Sannan ya zo inda nake.

Ya ba ni hannu biyu. Ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya. Ya hanya? Ya wajen su Inna?" Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kofin baƙi, shi ya zauna a ƙasa daga gefe. Na ce masa, bawana, ka rame. Ya ce aiki ne, alhamdu lillahi. Na tsokane shi da gemunsa, na tsokane shi da tsohon kekensa, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa manya, ya ce haka ne.

Ni da ba na iya zaman minti goma wuri ɗaya, na zauna a zauren nan har aka kira la'asar, ina jira ya zage ni ko sau ɗaya. Da na tashi tafiya, ya rako ni har bakin titi, ya yi mini godiya da na zo.